Dariya da Harshen Baƙo: Tarihin Wata Hikima a Ƙasar Magarya da Dungas

Duk wanda ya taɓa kwana a garin da ba a jin harshensa ya san cewa abin da yake fara ɗaure bakin baƙo, tun kafin ƙarancin kalmomi, shi ne kunya, domin mutum yana iya sanin sunan ruwa da na gishiri da yadda ake gaisuwar safe, amma tsoron kada ya karkatar da harafi a tuntsure masa da dariya sai ya sa ya haɗiye maganarsa, ya koma nuni da hannu kamar bebe. Idan kuwa baƙon yaro ne, wanda aka raba da ɗakin uwarsa aka ajiye cikin sa'o'in da ba su san sabo da shi ba, to, wannan kunya takan yi masa nauyi har ta zama ciwo, a riƙa ce masa dolo ko miskili alhali kuwa harshe ne kawai ya tsare masa hanya. Nufina a nan in bi sawun wani magani da mutanen kudancin Damagaram suka daɗe da sani ga wannan ciwo, wato wasan kwaikwayo da barkwanci, in nuna yadda ya taso daga dandali da tsangaya, yadda makarantar Nasara ta fara da ƙinsa kafin ta nemi taimakonsa, da kuma dalilin da ya sa bukatarsa ta dawo sabuwa a zamaninmu.

Wajibi ne a fara da ita ƙasar, saboda tarihinta kansa tarihin baƙunci ne. Magarya tana kimanin kilomita 90 kudu da birnin Zinder, a kan hanyar da ta ratsa Tinkim da Babban Mutum da Ɓaɓura ta nufi Kano, Dungas kuwa tana gabas da ita, tana kallon Maigatari mai babbar kasuwar dabbobi ta ranar Alhamis. Sarautar Magarya reshe ce ta gidan sarautar Daura, na waɗanda jihadin farkon ƙarni na 19 ya fitar daga birninsu suka yi ta sauka suna tashi, ta Yekuwa da Zango da Ɓaure, kafin kowane reshe ya sami mazauni. Dungas da Wacha kuma suna cikin tsofaffin ƙasashen Sosebaki, waɗanda daga baya ikon sarakunan Damagaram ya lulluɓe su. Da Turawa suka zo, Faransa ta kama Zinder a 1899, aka yi ta ja-in-ja tsakaninta da Ingila a kan inda iyaka za ta bi, har aka kafa alamunta tsakanin 1906 da 1908, sai ga shi an wayi gari ɗan'uwa yana biyan lampo ga kumandan mai Faransanci, ɗan'uwansa kuma yana biyan haraji a ƙasar da ake mulki da Ingilishi. Dungas ta ci gaba da zama ƙarƙashin Magarya har 2011, lokacin da aka ba ta matsayin gunduma mai cin gashin kanta. A tsawon wannan zamani duka ƙafa ba ta taɓa ɗaukewa daga hanyoyin ƙasar ba: Fulani da garkunansu, Barebari da Buzaye masu kanwa da gishiri, almajirai masu nufin gabas ko Kano, ƴan cin rani, da masu gudun aikin dole na Faransa wanda ba a soke shi ba sai a 1946. Ƙasar da take haka, ko dai ta koyi yadda ake kwance bakin baƙo, ko kasuwanninta su mutu.

Makaranta ta farko da ta ɗauki wannan aiki ba ta da bango ko rufi, ita ce tashe. Idan azumi ya kai kwana goma, aka sha ruwa aka idar da asham, yara da almajirai sukan fito ƙungiya-ƙungiya suna bin gidaje, wannan ya manna gemun auduga ya zama tsoho, wancan ya rataya ƙunshe-ƙunshen saiwoyi ya zama Jatau mai magani, ƴan mata su shirya Mairama da Daudu su nuna zaman aure, wani kuma ya sa tsummoki ya yi Macukule yana karya Hausa irin ta Bagwari. Na ga amfanin wannan wasa da idona tun ina ƙolo, a wata tsangaya da ke wani ƙauye tsakanin Magarya da Dungas. An kawo mana wani yaro daga ruga bayan kaka, wanda duk Hausarsa ba ta wuce "to" da "na'am" ba, idan kuwa ya kuskura ya ƙara, sai ya ce wa namiji "ta zo", mace kuma "ya zo", domin Fulatanci bai raba namiji da mace a irin wannan wuri ba; mu kuwa da wautar ƙuruciya muka yi ta yi masa dariya har ya daina buɗe baki sai wurin karatu. Da azumi ya zo, wani gardi mai hankali ya ce a ba shi tsoho, tun da aikin tsoho bai wuce tari da nishi da dogara sanda ba. Muka shafa masa toka, muka liƙa masa gemu. A gida na uku uwargida ta leƙo da fitila ta ce, "Baba tsoho, daga ina haka da daren nan?" Sai muka ji wata murya mai rawa ta fito daga cikin audugar tana cewa tsoho ta gaji, tsoho tana jin yunwa. Gidan ya kaure da dariya, matar ta cika masa ƙoƙo da gero, shi kuma maimakon ya sunkuyar da kai kamar yadda ya saba, sai ya maimaita, ya ƙara da wata, ya sake ƙarawa, har muka zagaye unguwa yana zuba. Kafin Salla ya fara gardama da mu a kan rabon hatsi. Na daɗe ina tunanin wannan dare kafin in gane sirrinsa: dariyar da ta kashe masa baki a tsangaya a kansa take sauka, ta daren tashe kuwa a kan gemun auduga ta sauka, shi yana ɓoye a bayansa lafiya lau yana gwada harshensa.

Wannan hikima tana da ƴar'uwa a cikin al'ada, wato wasan da ke tsakanin taubasai da tsakanin ƙabilu, inda Bafillace da Babarbare, ko Badamagare da Bakano, za su haɗu a rumfar kasuwa su yi ta zolayar juna, kowa yana kwaikwayon lafazin ɗan'uwansa, ba tare da wani ya riƙe abin a zuci ba. Sharaɗin wannan wasa shi ne ramuwa: duk wanda aka taɓa yana da haƙƙin mayarwa, wanda kuwa zai mayar dole ya nemo kalma mai kaifi a cikin harshen da ake wasan da shi, ta haka baƙo yake samun ƙofar shiga zance a matsayin abokin wasa tun kafin ya ƙware. Saboda girman wannan al'ada wajen zaman lafiya ne hukumar UNESCO ta shigar da ita, da sunan Nijar, cikin jerin gadon al'adun ɗan Adam a 2014.

Kada mai karatu ya zaci cewa malaman zaure sun jahilci wannan hanya. Su ne suka raɗa wa baƙaƙen Larabci sunaye masu hoto, irin su mim jaye da ta kuri da ɗa mai hannu, domin yaron da bai taɓa jin Larabci ba ya ga harafi kamar wani taliki mai siffa da ɗabi'a. Idan kuma ɗalibi ya yi nisa, ya wuce littattafan fiƙihu na farko ya nufi lugga, littafin da ake ɗora masa shi ne Muƙamatu na Hariri, malamin Basra da ya rasu a 1122 Miladiyya, wanda ya zuba mafi wuyar kalmomin Larabci a cikin hikayoyi hamsin na wani tsoho mai wayo, Abu Zaidi, da ke sauya kama daga gari zuwa gari, yau mai wa'azi gobe makaho jibi mai ƙara a gaban alƙali. Ɗalibi yana murmushi da dabarun tsohon, kalma tana zama masa a ƙirji. A gefe guda kuma ga ɗan kama a bakin kasuwa, da ɗan rawaninsa da takobin itace, yana ɗaukar muryar mai tafsiri ya zuba ta a kan tuwo da fura da nama. Wasu malamai sun yi inkarin wannan sana'a, kuma suna da hujjarsu idan wasa ya kusanci abin da Shari'a ta tsarkake, amma samuwarta shaida ce cewa kunnen talaka ya saba da amon Larabci har yana gane inda aka karkatar da shi.

Sa'an nan lakwal, wato makarantar Nasara, ta zo da harshe na uku, ta kuma zo da wata hanya da ta saɓa wa duk abin da aka sani. A makarantun mulkin Faransa an haramta wa yaro harshen uwarsa a cikin aji da farfajiya, aka ƙago wani abu da ake kira sambol, ɗan itace ko ƙashi ko wani abin ƙyama, wanda ake rataya wa duk wanda aka ji Hausa ta suɓuce masa, shi kuma ya yi ta kasa kunne har ya kama wani ya sauke masa, wanda abin ya yini a wuyansa shi ne zai sha hukuncin mushe, wato malamin aji. Yaron ƙauye da aka kamo aka kai lakwal, sau da yawa iyayensa suna kuka domin suna ganin an raba shi da allo, baƙo ne sosai ko da bai ƙetare iyakar kowa ba. Sambol kuwa ya ɗauki dariyar sa'o'insa, wadda a tashe take zama masa garkuwa, ya mayar da ita bulala. Sakamakon haka yara da yawa suka koyi shiru kafin su koyi Faransanci.

Amma abin da aka hana a aji sai ya ɓulla a dandali. A ƙasar Damagaram samari suna da wasan kara, inda bayan an kawar da amfanin gona sukan shirya hukuma sukutum ta kwaikwayo, da gwamnanta da kumandanta da likita da alƙali da sojoji, bindigogi da sauran kayan aiki duk na karan dawa da gero. Mai wasan kumandan yakan ɗaga hanci ya zuba wani Faransanci da rabinsa amo ne kawai, tafinta ya fassara yadda ya ga dama, jama'a su yi ta dariya saboda sun san sau nawa aka yanke musu hukunci a kan fassarar da ba su da ikon tantancewa. A cikin wannan raha kalmomin mulki suka fita daga ofishi suka shiga bakin talaka, ya taɓa su, ya juya su, ya daina jin tsoronsu. Su kansu Turawan, a babbar makarantarsu ta William Ponty da ke Senegal, inda ake tara zaɓaɓɓun samari daga yankunan mulkinsu, ciki har da Diori Hamani da Djibo Bakari na Nijar, sun gano a shekarun 1930 cewa saurayin da ya yi nisa da gida ya fi sakin baki da Faransanci idan aka ce ya tsara labarin garinsu ya nuna shi a dandamali. Har wasannin ɗaliban suka kai birnin Paris a 1937. Daga wannan tushe teyatur, wato wasan kwaikwayo na ƴan boko, ya taso a Nijar, wanda ya kai ga André Salifu, haifaffen Zinder, ya rubuta wasan Tanimun a kan mashahurin sarkin Damagaram.

Bayan samun mulkin kai a 1960 sai kogunan biyu, wato wasan dandali da makarantar boko, suka fara haɗuwa. A 1964 aka buɗe talabijin ta makaranta a yankin Yamai, wadda ta dogara ƙwarai da gajerun wasanni wajen sa yara su yi magana da Faransanci kafin su rubuta shi. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Zinder, inda yaro yake fara karatu da Hausa sa'an nan a shigo masa da Faransanci sannu a hankali, wanda hakan iƙirari ne daga hukuma cewa sambol kuskure ne. Da Seyni Kunce ya karɓi mulki a 1974 ya raya samariya, wato ƙungiyoyin samari, aka riƙa yin gasar wasanni daga ƙauye zuwa gunduma zuwa jiha har bikin matasa na ƙasa baki ɗaya, samarin Magarya da ƙauyukanta suna cikin masu shiga. Mafi yawan waɗannan wasanni ba a rubuta su. Akan zauna a yarda da ƙashin labari, kowa ya san matsayinsa, magana kuwa ta zo a kan dandamali. Malaman makaranta ne suka fi riƙe ragamarsu, fitaccensu Yazi Dogo, wanda ƙungiyarsa ta Zinder ta cika rediyo da talabijin na ƙasar. A cikinsu ba a rasa baƙauyen da ya shiga ofishi ya gamu da ma'aikaci mai haɗa Hausa da Faransanci don ya ruɗa shi, ko ɗan cin rani da ya dawo daga Legas ko Kumasi da akwatin rediyo da kalmomi uku na Turanci yana yi wa tsohonsa fankama. Daga kudu kuma Rediyon Kaduna yana kawo Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi, da Hausarsa ta bariki mai gauraye da Ingilishi, wadda yara suka riƙa kwaikwayo a dandali, suna tsintar kalmomin da wata rana za su yi musu amfani a tashar mota ta Kano.

Adalci ya wajabta a faɗi ɗaya gefen. Dariya wuƙa ce mai baki biyu, kuma ba duk wasan da aka karya harshe a cikinsa ne ya amfani baƙo ba. Idan ɗan gari ne kullum yake sa rigar Bagwari ko Buzu ko Bafillace, shi kuwa mai rigar yana tsaye a bayan taro ba a ba shi damar ramawa ba, to, wannan izgili ne ko da an kira shi wasa, kuma Alƙur'ani mai girma ya yi hani bayyananne a cikin Suratul Hujurati ga wasu mutane su yi wa wasu izgili, kamar yadda ya lissafa saɓanin harsuna a cikin Suratur Rum daga ayoyin Ubangiji. Ma'aunin da tarihin nan ya bar mana guda ne: a duba wa yake cikin fage. In baƙon yana ciki, da gemunsa na auduga da haƙƙinsa na mayar da magana, dariya tana ɗaga shi. In yana waje ana nuna shi da yatsa, sambol ne aka sake wa suna.

Abin da ya sa na ga wajabcin tono wannan tarihi shi ne halin da ƴaƴanmu suke ciki yau. Ƙasa ta yi wa jama'a kaɗan, gonaki sun tsuke, hanya kuma ta ƙara tsawo. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada arewa da Arlit, 52 daga cikinsu yara, akasarinsu daga maƙwabciyarmu Kance, suna nufin Aljeriya. Allah Ya jiƙansu. Tun daga ƙarshen 2014 ake dawo da ayari-ayari daga can, a 2020 jihohin arewacin Nijeriya suka sallami almajirai saboda annoba, a 2022 kuma aka kwaso fiye da mutum dubu daga titunan Dakar, da yawansu ƴan Kance da Magarya, da yara masu ɗimbin yawa a cikinsu. Irin wannan yaro baƙo ne sau biyu: can ya yi baƙunci cikin Larabcin Aljeriya ko Wolof, nan kuma ya dawo an zaunar da shi a aji tare da ƙannensa, gaban allon da aka cika da Faransanci, ya girme su da shekaru amma ba ya iya amsa tambayar da suke amsawa. Kunyarsa ta ninka ta ɗan rugar da na ba da labari. A ƙasashen Turai malaman da ke karɓar ƴaƴan ƴan gudun hijira sun koma ga wasan kwaikwayo suna ɗaukarsa sabuwar dabara, alhali mu muna da shi tun kaka da kakanni, kuma tun da dokar ƙasa ta 2025 ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, babu sauran uzurin da zai hana malami ya buɗe darasi da abin da yaro ya sani.

Muna da abin koyi mafi girma a cikin Sunna. Buhari ya ruwaito labarin Ummu Khalid, yarinyar da aka haifa a Habasha lokacin da iyayenta suke hijira, ta zo Madina tana ƙarama. Da aka kawo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wasu tufafi, sai ya sa aka kira ta, ya tufatar da ita da hannunsa, yana nuna mata adon rigar yana yaba kyanta da kalmar Habashanci, harshen ƙasar da ta taso a ciki. Bai ce ta manta da abin da ta zo da shi ba, da shi ya yi mata raha har ta sake.

Saboda haka ina kira ga malaman lakwal da alarammomin tsangaya, da sarakunan samari da masu gidajen rediyon karkara na Magarya da Dungas da Bande da Wacha da Dogo-Dogo da Malawa: idan aka kawo muku yaron da ya dawo daga tafiya ya yi tsit a ƙarshen aji, ku shirya masa kasuwa ta kwaikwayo ko tashar mota ko zauren alƙali, ku ba shi matsayin direba ko tafinta, ku bar shi ya fara da kalmomin da ya tsinto a hanya, ku ɗora masa naku a kai, kuma kada ku gyara masa kuskure sai an tashi daga wasa. Kayan aikin ba su wuce karan dawa da toka da ɗan audugar gemu ba, kuma babu gidan da ya rasa su a ƙasar nan.